Masu Saran Tubali a Prague

Duk baƙon da ya sauka a Prague, babban birnin Jamhuriyar Cek, gada da agogo ake fara kai shi gani. Gadar ita ce wadda Sarki Charles na Huɗu ya sa aka ɗora harsashinta a kan kogin Vltava a 1357. Agogon kuwa yana jikin tsohon ginin hukumar gari tun 1410. Duk sa'a jama'a sai su yi dafifi a ƙarƙashinsa, wuya a ɗage, waya a sama, suna jiran wasu gumaka su leƙo ta taga su koma. Da ni aka yi dafifin. Ɗan yayata da ya sauke ni, wanda yake karatun injiniyan kwamfuta a birnin, gefe ya tsaya hannu a aljihu yana jira in gama.

"Kawu, wannan duk na 'yan yawon buɗe ido ne," in ji shi. "In kana son ganin abin da mutanen garin nan suka ƙera a zamaninmu, har ya shiga ɗakunan miliyoyin mutane, sai mun tsallaka ruwa."

Wani wasan kwamfuta yake nufi, mai suna Beat Saber. Ba irin wanda ake zama gaban talabijin ana latse-latse ba ne. Wani ƙaton tabarau ake ɗaurawa a ka, ya rufe ido ruf, sai mutum ya tsinci kansa tsaye a wata duniya ta kama-da-gaske, duk inda ya juya ita yake gani. Mutum uku suka haɗa wasan a nan Prague: Ján Ilavský da Vladimír Hrinčár, 'yan Slovakiya masu rubuta manhaja, da Jaroslav Beck, ɗan Cek mai haɗa kiɗa. Ranar 1 ga Mayun 2018 suka sake shi da waƙoƙi 10 kacal. Kafin shekara biyu ta cika, a watan Nuwamban 2019, Facebook ya saye kamfanin nasu, Beat Games. Zuwa Fabrairun 2021 an sanar cewa an sayar da kwafi miliyan 4 na wasan da ƙarin waƙoƙi miliyan 40. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 11 ba ke nan, amma a sana'ar wasannin kwamfuta ba ƙaramar kasuwa ba ce. Daga cikinta Mafia ya fito, da Kingdom Come, da Euro Truck Simulator 2 da ake tuƙa tirela a kujerar ɗaki.

Muka hau tiram, ƙaramin jirgin ƙasan nan mai bin tsakiyar titi, muka nufi Holešovice, unguwar tsofaffin masana'antu da mayanka a gwiwar kogi. Ƙarshen kaka ne, rana na gaggawar faɗuwa, iska kuma ba ta jin kunyar kunnen baƙo. Gidan wasan a ƙarƙashin ƙasa yake. Tun daga matakala warin giya da na maganin goge kaya suka tarye mu.

Abin da na fara gani ya kusa sa ni dariya. Ɗakuna ne ƙanana a jere, babu ƙofa, an shimfiɗa musu roba mai taushi. A kowanne akwai mutum tsaye, fuska a rufe, yana kai wa iska sara da hannu biyu, ya tsuguna, ya karkata, ya miƙe. Ba ka jin kiɗan, don a kunnensu yake. Numfashi kawai kake ji, da ƙarar takalmi a kan roba. Wani babban mutum mai tumbi, da rigarsa ta ofis, ya jiƙe sharkaf, bai san ma akwai masu kallonsa ba. Sai ka ɗaga kai ka dubi allon da ke saman ɗakin, sannan ka ga abin da yake sara.

Yarinyar da ke kula da wurin ta ɗaura mini tabarau, ta daidaita maɗaurinsa ta ƙeya, ta zura mini igiyar mariƙan biyu a wuyan hannu, ta ja ta tsuke. Ta ce kada in raina igiyar nan, an sha jifan bango da mariƙi. Da na buɗe ido sai na gan ni a bakin wani dogon zaure mai duhu, fitilu na walƙiya daga nesa. A hannun hagu takobin haske ja, a dama shuɗi. Na haɗa su, suka yi tartsatsi, mariƙan suka yi rawa a tafin hannuna. Kiɗa ya tashi, tubala suka fara tahowa, jajaye da shuɗɗa, kowanne da 'yar kibiya a goshinsa tana nuna ta inda za a sare shi. Ja na hagu ne, shuɗi na dama. Wani lokaci baƙin bam ya biyo su, shi ba a taɓa shi. Wani lokaci katanga ce sukutum, sai ka kauce ko ka duƙa. Dokar ke nan gaba ɗaya, yaro ɗan firamare zai haddace ta kafin waƙa ta kai rabi.

Abin da ba ya faɗuwa da baki shi ne daɗin saran. Takobin na ratsa tubali, ya rabe biyu ya watse, hannunka ya ji wani ɗan gir, kuma duk a kan bugun ganga. Jiri kuwa, wanda aka yi ta tsorata ni da shi, bai zo ba, kuma akwai dalili. Jirin tabarau na kama mutum ne idan ido ya ce ana tafiya, ma'aunin da ke cikin kunne ya ce ana tsaye. A nan kai ba ka zuwa ko'ina, tubalan ne suke zuwa wurinka. Wannan dabara na cikin abin da ya sa wasan ya zama abin da ake fara ɗora wa duk wanda bai taɓa sa tabarau ba.

Amma ba don in yi wasa na tsaya har dare ba. A ƙuryar wurin akwai dogon tebur inda waɗanda suka gaji ke zama. Mutanen Cek sun fi kowace al'umma shan giya idan aka raba da yawan jama'a, don haka kofuna ne ko'ina. Ni da ɗan yayata muka karɓi Kofola, lemon ƙasar mai kalar koka da aka ƙirƙiro a 1960, zamanin gurguzu. A teburin nan na gane cewa mutanen da ke sara tubali iri ɗaya ba wasa ɗaya suke yi ba.

Ta farko da ta yi mana magana ma'aikaciyar jinya ce, ta ba hamsin baya ko ta kusa. Ita ba ruwanta da maki, ba ta ma duba su. Ta ce da hunturu, kafin ta tashi daga aiki gari ya yi duhu, wa zai fita gudu a kan ƙanƙara? A gida tana da nata tabarau, ta matsar da tebur gefe, ta kunna zaɓin da ba ya korar mutum ko ya yi kuskure nawa, ta yi ta sara har rigarta ta jiƙe. Ta ce ta sha biyan kuɗin gidan motsa jiki ba ta je ba, wannan kuwa ba ta taɓa jin cewa aiki take ba. Ƙorafinta na jiki ne zalla. Tabarau ɗin ya ɗara rabin kilo kaɗan, nauyin kuma duk a goshi yake, soson da ke taɓa fuska ya sha gumi, gilashin ya yi hazo, batir ya ƙare bayan kamar awa biyu. Ta nuna mini jan shatin da ya bari a kumatunta, tana dariya.

Kusa da ita wani saurayi ne siriri da bai kai ashirin ba, yana saurarenta da irin haƙurin da yara ke yi wa manya. Shi maki ne addininsa. Ya jawo takardar goge hannu ya zana mini lissafin. Kowane tubali iyakarsa maki 115. Maki 70 na ɗaga hannu ne, wato takobin ya taho daga nesa, ya share kwana mai digiri 100 kafin ya taɓa tubalin. Maki 30 na bin sara ne, bayan yankan hannun ya zarce da digiri 60. Ragowar 15 na saiti ne, gwargwadon yadda yankan ya kusanci tsakiya. In ka jera sara ba kuskure, makin ya riƙa ninkuwa har sau 8, kana kuskure ɗaya ninkin ya faɗo. Matakan wahala biyar ne, na ƙarshe sunansa Expert+, kuma a wurinsa daga nan wasa yake farawa. Sunansa na cikin jerin gwanaye na ScoreSaber da BeatLeader, shafuka biyu da 'yan wasan suka gina da kansu don auna kowa da kowa a duniya.

Na roƙe shi ya nuna mana. Ya shiga ɗaki, ya riƙe mariƙan ta wata irin karkatacciyar hanya, yatsu sun harɗe su ta sama. Tubalan da suka taho a allo ba su ƙirguwa, wani ruwan ja da shuɗi ne kawai. Abin mamaki, jikinsa kusan bai motsa ba. Ƙafafu a kafe, kafaɗa a sake, gwiwar hannu a kusa da haƙarƙari, wuyan hannu ne kaɗai ke aiki, da saurin da ido ba ya bi. Ma'aikaciyar jinyar ta taɓe baki, ta ce wannan ba rawa ba ce, kaɗa ƙwai ne. Ɗan yayata ya raɗa mini cewa irin waɗannan yaran sun taɓa sa kamfanin Valve na Amurka ya gyara manhajarsa. Gaskiya ne kuwa. A farkon 2019 kamfanin ya faɗa a fili cewa ya ɗaga iyakar saurin motsi da na'urarsa ke bi, saboda gwanayen Beat Saber sun wuce abin da injiniyoyinsa suka zaci hannun ɗan Adam zai iya.

Da ya fito yana murza wuyan hannu, na tambaye shi ko yana ciwo. Ya ce duk wanda ya kai matakinsa ya san wannan ciwon, ana hutawa ne a dawo.

Rigimar gaske ta tashi ne da wani mai gemu ya sa baki. Makaɗin ganga ne a wata ƙungiya da ke wasa a mashayu, abokinsa ne ya jawo shi wurin. Ya ɗauki takardar da saurayin ya yi zane a kai, ya bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaya: ina makin lokaci? Babu. Ɗaga hannu, bin sara, saiti, shi ke nan. Ka sari tubali da ɗan wuri ko ka ɗan makara, muddin ka same shi da kyau, makinka cikakke ne. Ya ce a Dance Dance Revolution, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 1998, kowane taku ana auna shi da bugu, a gaya maka nan take ko ka dace ko ka kauce. Wasan kiɗa ke nan. Wannan kuwa, in ji shi, wasan sara ne da aka kunna wa rediyo. Shi in dole ne sai ya sa tabarau, Ragnarock ya fi masa, wanda ake kaɗa ganguna huɗu a cikin jirgin ruwan mayaƙan arewacin Turai, don can kunne ake tambaya.

Tebur ya kaure. Wata ta ce ita Synth Riders ta koma, inda hannu ke bin dogayen layuka, jiki ya sake ya yi rawa ta gaskiya. Wani ya ce Pistol Whip, na harbi a kan bugu, ya fi sa cinya aiki. Saurayin ya ce duk wanda ke ganin babu lokaci a Beat Saber ya shiga ya gwada waƙar da ya gama yanzu, ya makara da ƙiftawar ido ya ga inda zai kwana.

Na daɗe ina juya maganar mai gangar, don ba shirme ya faɗa ba. A lissafi shi ke da gaskiya. Amma ina ganin ya nemi bugun a inda ba a ajiye shi ba. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san babu mai riƙe musu alƙalami. Abin da ke tsare kowacce a kan bugu shi ne taɓaryar da ke biye da tata. Ta makara, itace ya haɗu da itace. Haka abin yake a cikin tabarau. Ba a cire maka maki don ka makara a tubali ɗaya, amma hannunka ba zai kasance inda na biyu ke buƙatarsa ba, na uku kuma ya wuce ka. Bugun yana cikin jerin tubalan ne. Ke nan wanda ya jera su shi ne mai wasan na gaskiya, kuma a teburin nan babu wanda ya ambace shi sai da zagi ko da yabo a taƙaice: jerin kaza shara ne, jerin kaza kamar ruwa.

Na ce wa ɗan yayata ina son ganin mai jera tubala da idona.

"Kawu, ai akwai ɗaya a ajinmu. Sai dai in ta fara bayani ba ta tsayawa."

"Ka bar ni da ita. Abin da ya kawo ni ke nan."

Mun haɗu da ita a tudun Letná, inda ake hango gadojin birnin a jere. A wurin ne aka kafa wani shirgegen gunkin Stalin a 1955, aka tarwatsa shi da nakiya a 1962. Tun 1991 abin da ke kan dandamalin wani dogon ƙarfe ne mai launin ja da ya haura mita 20, an yi shi a siffar na'urar nan mai kaiwa da komowa da makaɗa ke ajiyewa ta riƙe musu bugu. Samari na ta wasan allon taya a ƙarƙashinsa, an rataye tsofaffin takalma a wayar da ke gefe. Sanyi bai bari mun daɗe ba, muka gangara wani ɗakin shan shayi, ta buɗe kwamfutarta.

A allon akwai hoton sautin waƙa, tudu da kwari, a gefensa kuma wata doguwar hanya mai layuka. Ta ce aikin farko shi ne gano bugu nawa waƙar ke yi a minti, a daidaita layukan da shi. In aka kuskure wannan, duk abin da aka ɗora a kai ya karkace. Sannan ta nuna mini fuskar hanyar: gurbi 12 ne, huɗu a kwance, uku a tsaye. Kowane tubali zai zauna a ɗaya daga ciki, kibiyarsa ta kalli ɗaya daga kusurwa takwas, ko a sa masa ɗigo, a sare shi ta ko'ina. Daga 2022 an ƙara wasu iri biyu, wani layi mai lanƙwasa da ke jan hannu a kan doguwar murya, da tubali mai yanka-yanka a jere. Kayan aikin ke nan.

Ta ajiye shuɗin tubali mai kallon ƙasa, ta ajiye wani bayansa shi ma mai kallon ƙasa, ta ce in kwaikwayi saran da hannuna. Na sauke hannu, sai na ga dole in ɗaga shi a banza kafin in sake saukewa. Ta juya kibiyar na biyun ta kalli sama. Na sake gwadawa, hannun ya sauka ya tashi da kansa, ba tare da na yi tunani ba. Ta ce to wannan ita ce babbar ƙa'ida, hannun da ya sauka tashi yake son yi, wanda ya tafi dama hagu yake son komowa. Jerin da ya kiyaye wannan, ɗan wasa zai ji kamar shi ya ƙirƙiro motsin. Wanda ya karya ta ba dalili, kafaɗa ce za ta biya. Ƙa'ida ta biyu, kada ka dasa tubali a tsakiya daidai ido, don zai tare na bayansa. Sauran kuma kunne ne. Waƙa na da murya, da ganga, da jita, hannu kuwa biyu ne. Wa za ka bi? A nan, in ji ta, ake gane mai ji da mai ƙirga. Ta kunna mini wani wuri inda ta sa hannun dama ya bi mawaƙiya, na hagu ya tsare ganga, da amshi ya zo sai ta haɗe su suka tashi sama tare. Daƙiƙu kaɗan ne, ta ce yammaci guda ta kashe a kansu. Ga fitilun zauren ma, duk walƙiyar da na gani, wani ne ya zauna ya saka ta da hannu.

Na tambaye ta batun manhajar da ke yin aikin da kanta. Akwai ta tun 2020, sunanta Beat Sage, ka miƙa mata waƙa ta jera maka tubala cikin mintuna. Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce tana faɗa wa bugu daidai, ba ta da laifi a nan, amma ba ta san inda waƙar ke tsinka zuciya ba, don haka ko'ina ɗaya ne a wurinta.

Sai na ciro wayata na kunna mata wani tsohon kiɗan kalangu da nake yawo da shi. Ta sa abin ji a kunne, ta rufe ido, yatsanta na bugun tebur. Can ta tsaya, ta sake farawa, ta sake tsayawa. Ta ce bugun nan ba ya zama a kan layi, yana ja yana saki, gangar kuma magana take yi, muryarta na hawa da sauka. Za a iya jera masa tubala, amma sai an bi shi gaɓa-gaɓa ana sauya ma'auni, kamar yadda suke fama da tsofaffin faya-fayen da mutum ya kaɗa da hannu ba inji ba. Ta roƙi in tura mata. Na tura.

Kuɗi fa? Ta yi dariya. Ko sisi. Tana ɗora aikinta a BeatSaver, rumbun da 'yan wasa suka kafa, kowa ya sauke kyauta. Kamfanin Beat Games ya ɗauki wasu daga cikin masu irin wannan aiki ya ba su albashi, kuma har saurayin maki ya yarda cewa jerin waƙoƙin kamfani na yanzu ya fi na farkon kyau nesa ba kusa ba. Amma galibinsu don so suke yi.

A nan ne kuma babban ƙullin yake, wanda na ji a bakin kusan duk wanda na zanta da shi. Wasan da kansa kusan dala 30 ne. Waƙoƙin fitattun mawaƙa daban ake saye, kowace kusan dala 2: Imagine Dragons a 2019, Linkin Park da BTS a 2020, Billie Eilish da Lady Gaga a 2021, Queen a 2023, Daft Punk a 2024. Wasu na ganin tsada, wasu na cewa haƙƙin mawaƙi ne, kuma ba a samun izinin irin waɗannan waƙoƙi da arha. Waƙoƙin rumbun 'yan wasa kuwa, mafi yawansu ba a nemi izinin masu su ba, don haka kamfani ba zai iya rungumarsu a fili ba, ba zai kuma iya kashe su ba, don su ne suka riƙe gwanayen shekara da shekaru. Ana zaman doya da manja ke nan. Duk sa'ad da aka sabunta wasan, gyare-gyaren da 'yan wasa suka liƙa masa sai su daina aiki, a jira masu sa kai su ɗinke. Shi ya sa da yawa suke ƙin sabuntawa, su maƙale wa tsohon zubi.

Masu PlayStation su ne suka fi ɗaci a baki. Tun asali na'urarsu a kulle take, ba ta karɓar waƙar waje. A watan Yunin 2025 kuma aka sanar cewa ba za a ƙara kawo musu sabon abu ba, wasan haɗaka ta intanet ma za a rufe musu shi a Janairun 2026. Abin da suka saya yana nan, amma ƙofa ta rufe. Tsofaffin 'yan wasa kuma ba su manta da lokacin da aka wajabta asusun Facebook kafin a yi amfani da tabarau ɗin kamfanin Facebook mai suna Quest ba, daga Oktoban 2020 har zuwa Agustan 2022 da aka janye. Masu kare kamfanin su ma da hujjarsu: ba don Quest 2 ya fito a dala 299, ba waya ba kwamfuta, da ma'aikaciyar jinya irin ta gidan wasan nan ba ta taɓa mallakar tabarau ba. Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya faɗi gaskiyarsa, sai dai ɗaya ne ke riƙe da makulli.

A hanyar komawa ɗan yayata ya ƙara mini wani abu da ya fi duk waɗannan tsaya mini a rai. A 2023 masu bincike a Jami'ar California da ke Berkeley sun ɗauki bayanan motsin 'yan Beat Saber sama da 55,000 daga BeatLeader, motsin kai da hannu biyu kawai, ba fuska ba murya. Da motsin daƙiƙa 100 kwamfuta ta iya gane ko wane ne, daidai har kashi 94 cikin 100. Wato yadda kake ɗaga hannu da yadda kake karkata kai shaida ce a kanka kamar zanen yatsa. Da na faɗa wa saurayin maki wannan daga baya, bai ko girgiza ba. Ya ce shi da kansa yake ɗora motsinsa don duniya ta kalla, ai abin alfahari ne. Ma'aikaciyar jinyar kuwa ta yi shiru, sannan ta tambaya ko nata ma ana ajiyewa.

Ana gobe zan tashi, ina haɗa kaya, na ce wa yaron ya duba mini farashin tabarau ɗin, wataƙila in tafi wa ƙannensa da shi. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kawu, wa yara ko wa kanka?"

"Kai dai duba mini."

Ya duba, ya kuma fara lissafo mini sharuɗɗa. A nemi fili kamar mita biyu ta kowane ɓangare, a kwashe kujeru. Kada a bar shi inda rana za ta haska gilashinsa, don tana ƙona allon ciki. Da zafin bazara kada a yi da tsakar rana, gumin da na gani a nan wasa ne. A sa wani ya tsare ƙofa, don mai tabarau ba ya ganin ƙaramin yaro in ya rarrafo. Sai ya tsaya, ya tambaye ni a wane ɗaki za a riƙa yi. Na ce falo.

"Falon da ke da fankar sama?"

"Shi."

"To Kawu, kafin ka sayi komai, ka fara kiran mai gyaran wuta ya sauke ta."